Wace Wutar Aka Kashe?

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma Shi nake kafawa shaida, domin sauran shaiduna uku duk ƙasa ta rufe su.

Abba, Sadiya, Hadiza, ban so rubuta wannan ba. Na ba ku labarin gidanmu da aurena cikin daɗin rai, da na iso nan sai na ajiye biro wata biyu. Abin da ya sa na sake ɗauka kai ne, Abba. Ranar Sallar da ta wuce muna falonka, matarka ta tashi za ta taɓa batiran nan da ka jera don wutar gida, ka ce mata cikin dariya, a hankali, kada ki yi mini irin wadda Mama ta yi wa Baba. Kowa ya yi dariya, har jikokina da ba su san kakansu ba. Ni ma na yi murmushi, don na saba. Amma da na koma ɗaki na tayar da sallar la'asar, sau uku ina ɓata lissafin raka'a saboda zafin zuciya. Ashe maganar ta wuce dangin babanku, ta wuce ku, ta shiga bakin jikoki. To, ku zauna ku ji yadda aka yi idon babanku ya tafi.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ce. Rediyo ba ta da zance sai na sabuwar rayuwa, mu kuwa a Makera sabuwar rayuwar ta zo mana da takardar sallama. Masaƙar da babanku yake aiki a Kakuri ta rage ma'aikata, sunansa na ciki. Abin da aka sallame shi da shi ya sayi wata tsohuwar mota yana haya, wani lokaci cikin gari, wani lokaci har Kakau. Motar tana da lalura guda: abin nan na cikin inji da ke mayar wa batir ƙarfinsa, wanda makanikai ke kira altaneta, ya raunana. Kwana biyu batir ya mutu, sai an tura. Maƙwabcinmu Baba Bitrus, wani dattijo mutumin kudancin jihar nan da ke da shagon cajin batir a bakin layinmu, shi ya kawo shawara: a sami batir na biyu, ɗaya na cikin mota, ɗaya na gida yana shan caji. Ya sayar wa babanku wata tsohuwar cajarsa, akwatin ƙarfe mai nauyi, da allura a gaba kamar ta agogo, da wayoyi biyu, ja da baƙa, kowace da baki mai haƙora.

Wutar lantarki a lokacin ba ta da alƙawari. Ta kan zo da hantsi, lokacin da babanku yake kan hanya. Saboda haka aikin caja ya faɗo kaina, ba don na nema ba. Ranar da Baba Bitrus ya kawo ta, babanku yana tsaye yana kaɗa makullin mota, rabin hankalinsa yana tasha. Dattijon ya dube shi, ya dube ni, sai ya ce:

"Malam, kai je ka nemi abinci. Maman Abba, ke ɗauko takarda. Wannan caja ba ta da hankali, ba ta san batir ya ƙoshi ba. Idan kin bar ta, sai ta yi ta ɗura masa har ya tafasa. Ke ce hankalinta."

Na ɗauko tsohon littafina na sakandare na rubuta duk abin da ya faɗa, kuma har yau ina iya karanto shi da ka. A ajiye batir inda iska ke ratsawa, ƙofa buɗe, taga buɗe. A kwance murafan samansa a leƙa, idan ruwa ya ja baya a ƙara da ruwan batir na kwalba, ba na famfo ba. Tun waya ba ta shiga bango ba ake maƙala bakin ja a kan da ke da alamar tarawa, baƙi a ɗaya kan. Sai an gama wannan ake sa filogi, a juya maɓalli zuwa ƙaramin caji. A riƙa leƙa allura: tana farawa sama, tana sauka a hankali, idan ta kusa kwanciya ya ƙoshi. A taɓa jikinsa, idan ya yi zafi a kashe. Wajen cirewa kuma a bi ta baya: filogi daga bango tukuna, sannan baƙi, sannan ja.

"Me ya sa sai an zare filogi tukuna, Baba?" na tambaye shi.

"Batir yana numfashi idan yana caji. Iskar da yake fitarwa ba kya ganinta, amma ta fi fetur son wuta. Idan kin fizge bakin waya caja na kunne, tartsatsi zai tashi daidai hancinsa. Ba ashana, ba sigari, ba garwashi. In kin ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ya wuce ƙoshi, kashe. In kuma, Allah ya kiyaye, ruwansa ya shiga idon mutum, ruwa. Ruwa kawai, ki yi ta zubawa har hannunki ya gaji, ki canza hannu, sannan asibiti."

Na kwafe dokokin a jikin kwali na manna a bangon ɗan shagon da ke kusa da zaure, inda muka ajiye cajar. Wata biyar ina wannan aiki da ciki a gabana, ko sau ɗaya batir bai yi zafi a hannuna ba. Ina tuƙa tuwo ina leƙa allura. Ina shanya ina kasa kunne ga gunjin cajar. Babanku ya sa mini suna Injiniya, idan ya dawo ya ce, Injiniya, yaya majinyacinki? Amma bai taɓa tsayawa ya karanta kwalin nan ba. Kullum yana zuwa ya tarar na riga na zare komai, na mayar da murafai, na goge, sai dai ya ɗauka. Ku riƙe wannan, domin duk wanda ya ce muku ni mai sakaci ce da caja, ku tambaye shi wa ya kula da ita wata biyar.

Sai na haifi Hadiza. Gwaggonku Dije, yayar babanku, ta zo daga Zariya don riƙe gida har a yi suna. Ku kun san ta da alawa da kuɗin Sallah. Ni na san ta da wani abu. Ita ta raini babanku bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta goya shi, kuma ba ta taɓa yarda ya sauka daga bayan nan nata ba. A wurinta ni 'yar boko ce da aka kawo gida. Ranar da ta iso ta tsaya a ƙofar shagon, ta dubi kwalin, ta ce:

"Wannan kuma layar mece ce?"

"Dokokin caja ne, Yaya."

"Ikon Allah. A garinmu mace murhu take tsaro. Nan kuma an mai da ke karen mota."

Ba a haife ni gidan da ake mayar wa yayar miji magana ba.

Ana gobe suna aka kawo wuta da hantsi. Na lallaɓa na fita da kaina, na kwance murafai, na maƙala ja, na maƙala baƙi, na sa filogi, na tokare ƙofa da dutse, na buɗe taga. Batirin bai mutu sosai ba, na ƙiyasta kafin azahar zai ƙoshi. Ina fitowa Yaya ta tare ni, ta ce mai jego mai kwana shida ba ta yawo a tsakar gida, in koma in zauna, baƙi na zuwa. Kuma suka zo. Ɗaki ya cika da 'yan barka, tsakar gida mata uku suna daka, ana surfe, ana gyaran kayan miya. Da aka yi kiran azahar na yunƙura zan je in duba allura. Yaya ta dafa kafaɗata a gaban mutane.

"Ina za ki?"

"Batir zan duba, Yaya."

"Ku ji mini. Ga surukai sun zo tun daga Nasarawa, ita batir za ta gaisar. Zauna, Saude. Ƙarfe ba ya kuka, jaririya ce ke kuka."

Matan suka yi dariya, na zauna. Bayan ɗan lokaci sai na ji ƙanshin turaren wuta yana tasowa ta wajen zaure. Na gane abin da ya faru: batir ya fara wari, Yaya ta ji kunyar baƙi su shigo ta zaure su ji gidan ƙaninta yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta kai kaskon garwashi da turare. Na sake yunƙurawa, wata dattijuwa ta miƙo mini Hadiza tana cewa yarinya na neman nono. Sai na ɗaga murya ta taga, iyakar yadda mai jego za ta ɗaga murya cikin surukai:

"Yaya, don Allah a ɗauke kaskon nan daga wajen batir. Kuma a kashe wutar."

"Na ji, Injiniya."

Jim kaɗan ta wuce ta gaban taga, na ce, Yaya, an kashe? Ta ce an kashe. Hankalina ya kwanta.

Nan ne rabona na laifi, kuma ba zan ɓoye muku ba, domin gobe zan tsaya gaban Allah. Na ce wuta. Ban ce a zare waya daga bango ba. Ni wutar caja nake nufi, ita kuwa wutar da ke hannunta ta sani, ta garwashi. Harshenmu suna ɗaya ya ba su. Kuma na tambaya, ban je na gani ba. Wannan nawa ne, na ɗauka, na yi ta neman gafara a kansa. Amma abin da ban sani ba a lokacin shi ne, da ta ɗauke kasko warin bai daina ba, sai ta cire dutsen ta rufe ƙofar shagon, ta ja taga, ta ɗauko wani tsohon zaninta ta lulluɓe batirin ruf kamar ana rufe kwanon abinci. Cajar kuwa tana ta ɗura masa. Da gida shiru ne da na ji gunjinta. Amma taɓare uku na sauka a turmi.

Bayan la'asar babanku ya shigo da sauri. Batirin cikin mota ya fara ja da baya, ga shi zai je Kakau ɗauko ragon suna. Ina zaune bakin taga, Hadiza na kan cinyata, ina jin su sarai.

"Yaya, sannu da aiki. An kashe wutar can?"

"Tun ɗazu na kashe da hannuna."

Na ji ƙarar ƙofar shago. Ƙofar da na bari a buɗe. Sai Yaya ta ƙara, tana magana da bayansa:

"Har ruwa na zuba mata."

Ruwa. Ba a zuba wa filogi ruwa. A cikin numfashi ɗaya na gane komai. Na ajiye Hadiza a hannun wadda ke kusa, ban san ma wace ce ba, na kira babanku da sunan da ban taɓa kiransa da shi a gaban mutane ba. Ban kai ƙofar ɗaki ba aka ji ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe. Ya yaye zanin, ya kama bakin waya ya fizge, caja na kunne.

Na same shi durƙushe, hannu biyu a fuska, batir ya tsage gida biyu, ruwansa ya wanke bango. Abu na farko da na yi, na fizge filogi. Sannan na ja shi waje da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na kwantar da kansa bakin rariya, na fara kwara masa ruwan randa a ido. Yana fizgewa, ina danne shi da gwiwa. Mata suna salati. Yaya ta zo da gudu da kwalbar man ja a hannu.

"Matsa, ki bar shi. Ƙuna ce, mai ake sawa. Za ki kashe mini shi da ruwa."

Ranar ce rana ɗaya tak da na ɗaga wa gwaggonku murya a duniya. Na ce mata idan ta matso da man nan zan fasa kwalbar. Na ce wa masu daka su ajiye taɓare su ɗebo ruwa. Randa ta ƙare, aka kawo na baho, aka kawo na maƙwabta. Baba Bitrus ya ji ƙarar daga shagonsa, ya shigo ko sallama bai tsaya yi ba, ya durƙusa ya buɗe fatar idon da yatsunsa yana cewa, zuba, Maman Abba, kada ki tsaya. Sai da muka daɗe a haka sannan aka sa shi a mota. A asibiti likita ya ce idon hagu gutsuren batir ne ya yanke shi, ba yadda za a yi. Na dama kuwa ruwan batir ne ya shiga, kuma ya tambaya wa ya wanke. Da aka nuna ni, ya ce wa babanku, ka gode wa matarka, da ita za ka riƙa gani. Yaya, da ta biyo mu daga baya, tana tsaye a wurin. Da kunnenta ta ji.

Da na dawo gida da magariba na leƙa shagon. Taga a buɗe. Ƙofa a tokare da dutse, yadda na bar ta da safe. Babu zani. Na tsaya ina kallo, har na fara zargin hankalina, domin na tabbata na taka wani tsumma lokacin da nake jan babanku. Washegari aka raɗa suna ba rago, ba mai gida. Kuma tun kafin a watse na fara jin maganar tana yawo tsakanin dangi: Saude ta kunna abin tun safe ta shige ɗaki ta manta. Mace da wasa da wutar lantarki. Sannan ta yi ta kwara masa ruwa har ido ya lalace. Ruwan da ya ceci ido, shi aka mayar makamin da ya kashe ido. Wa ya faɗa? Wadda ta buɗe tagar bayan an tafi asibiti.

Kwana huɗu bayan haka ina jan itace a bayan madafa, na ga zanin an cusa shi can ƙasa. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye, ruwan batir ya cinye ta, duk huji kamar rariya. Kuna da hoton aurenmu a falo. Ku dubi abin da gwaggonku ta ɗaura a ciki.

Na naɗe shi na kai wa babanku ranar da aka sallamo shi. Yana kwance, an ɗaure rabin fuska. Na shimfiɗa masa a gaban idon da ya rage.

"Na sani, Saude. Ni na yaye shi da hannuna."

"To ka ji abin da ake faɗa a kaina?"

"Na ji."

"Malam, kira su ka faɗa musu."

"Yaya ce fa. Ita ta goya ni. In aka ce ita ta cire mini ido, ina za ta sa kanta cikin dangi? Ba ta da ɗa, ba ta da miji, ni kaɗai gare ta. Ke kuwa kina da ni, kina da yara. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki rufa mata asiri, Allah zai rufa miki. Magana ce, kwana biyu za ta wuce. Idan yara sun girma ni da bakina zan gaya musu."

Na dubi mutumin nan da ɗaurin fuska, tausayi ya kama ni, na ce to. Wannan to ɗin ita ce kalma mafi tsada da na taɓa furtawa. Baba Bitrus ya aiko matarsa ta ce mini shi fa ya ga zanin a ƙasa lokacin da ya shigo, a shirye yake ya faɗa a gaban kowa, domin shi ma ana cewa cajarsa ce mai mugun abu. Na aika masa da roƙo ya yi shiru. Ya yi shiru saboda ni, har ya tashi daga unguwar, har labarin rasuwarsa ya zo. Dattijon da ya koya mini abin da ya ceci idon ubanku, na bar shi ya tafi da baƙin fenti. Shi ma yana cikin abin da nake kuka a kansa.

Maganar ba ta wuce a kwana biyu ba. Babanku ya daina tuƙi, aka sayar da mota, ya kafa tebur a ƙofar gida, kuma duk wanda ya zo jaje sai ya saci kallona. A dangi sunana ya koma Mai Caja. Idan ana biki aka raba aiki, sai a ce a ba Saude wanke-wanke, kada a bar ta da wuta, a yi dariya. Shekara da shekaru ina wanke kwanonin mutanen da na fi su iya girki. Sadiya, ranar da aka zo neman aurenki wata daga cikin dangin ubanki ta ce wa uwar mijinki, yarinyar dai tana da natsuwa, ba ta ɗauko uwarta ba. Ina bayan labule da tiren ruwa a hannu. Kuma gwaggonku, duk zuwan da za ta yi, sai ta kama fuskar babanku ta yi hawaye, ta ce oh, sakaci bai yi ba. A gabana. A gabanku. Ni na dafa abin da take ci tana faɗar haka. Babanku ya sunkuyar da kai, ya ce a bar tuna baya.

Ana cewa mai haƙuri yana dafa dutse ya sha romonsa. Na dafa. Ban ga romo ba. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan ramin har jikoki ya haɗiye.

Da ciwon ajali ya kama gwaggonku, gidanmu aka kawo ta, ni na yi jinyarta wata huɗu. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta. Na ce a raina ko yanzu za ta ce wani abu. Wata rana da hantsi ina ba ta kunu, ta riƙe wuyan hannuna ta ce:

"Saude, kin iya riƙe magana."

Na jira. Na ajiye cokali na jira. Sai ta ce kunun ya yi zafi, in fifita.

Iyakar abin da na samu ke nan. Amma ya ishe ni in san ba mantuwa ta yi ba. Babanku kuwa kun girma a gabansa, kun yi aure a gabansa. Sau biyu ina tuna masa alkawari. Na farko ya ce a bari Yaya tana raye. Na biyu ya ce, yanzu kuma ta rasu, ba a tone wa mamaci asiri. Tana raye ba lokaci, ta mutu ba lokaci. Ni da nake raye a tsakani fa? Mutumin kirki ne, bai taɓa zagina ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba, kuma ina yi masa addu'a bayan kowace salla. Amma ya auna mutuncin yayarsa da nawa, ya ga nawa ya fi sauƙin kashewa, ya kashe. Da idon da na ceto masa yake kallon ana yi mini dariya. Wannan har yau idan na tuna, sai na tashi na yi alwala.

Na tambayi malamin islamiyyarmu, ban kama suna ba, ko wanda aka ɗora wa laifin wani yana da damar wanke kansa bayan mai laifin ya rasu. Ya ce yana da ita, muddin bai ƙara gishiri ba. Ban ƙara ba. Na faɗi nawa, na faɗi nata, na faɗi nasa. Ita ta rufe ƙofa, ta lulluɓe batir, sannan ta buɗe taga ta ɗora mini. Shi ya fizge waya bai dubi bango ba, kwali na manne a gaban goshinsa. Ni na ce wuta, na kuma yarda da an kashe.

Ban rubuta don ku tsani gwaggonku ba. Rufe ƙofar rashin sani ne, ta yi don kada a raina gidan ƙaninta, wannan na yafe tun ranar. Buɗe tagar ce nake ta kokawa da ita, ku taya ni addu'a in iya yafewa kafin in bi su ita da babanku. Zanin yana ƙasan akwatina na ƙarfe, cikin leda, tare da kwalin dokokin. Hadiza, ke aka yi wa suna ba rago, ke za ki ɗauko. Ku ukun ku gani da idanunku, ku gwada da hoton, sannan ku ƙone shi. Ba na son ya kai ga jikoki. Amma sunan Mai Caja ma kada ya kai. Duk wanda ya sake faɗarsa a gabanku kuka yi dariya, ban yafe dariyar ba.

Kai kuma Abba, na ga inda ka jera batiranka, cikin ɗan lungun ƙarƙashin bene, ba taga, ka sa an yi masa ƙofa don kada baƙi su gani. Jinin gwaggonka ne. Ka fitar da su inda iska take. Kuma ranar da za ka taɓa waya, kada ka tsaya daga falo ka tambayi matarka ko an kashe wuta. Tashi ka je ka dubi bango da idonka, tunda kai biyu gare ka.